Yadda na zaɓi bindiga da harsashin farautar barewa a Pennsylvania

Kafin in riƙe bindigar farauta a Amurka sai da na zauna a aji. A jihar Pennsylvania, inda nake zaune da iyalina, duk wanda bai taɓa yankar lasisin farauta ba dole ne ya fara yin kwas ɗin mafarauta na hukumar kula da namun daji ta jihar, ya ci jarrabawa, sannan a sayar masa da lasisi. A ɗakin taron 'yan kwana-kwana na wani ƙaramin gari aka yi namu ajin, kuma yawancin ɗaliban yara ne 'yan shekara 11 zuwa 13, kowa da mahaifinsa ko kakansa a gefe. Masu koyarwar tsofaffin mafarauta ne 'yan sa-kai. Ba su ɓata lokaci kan wace bindiga ta fi wata ba. Abin da suka yi ta nanatawa shi ne ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli mutum ko da wasa, yatsanka ya yi nesa da kunama har sai ka gama saiti, kuma ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa.

A nan na fara jin dokokin da suka rage mini ruɗani. A wannan jihar ba a farautar barewa da bindigar raifil, wato mai cin dogon zango, idan irin wadda ke ɗana kanta ce bayan kowane harbi. Sai wadda mutum zai ɗana da hannunsa. Harsashin kuma dole ya zama irin wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki, ba mai rufaffen kai irin na soja ba. A lokacin farautar bindiga kuma sai ka sa tufa mai ruwan lemo mai ƙyalli a kai da ƙirji da baya, domin wani maharbin ya hango ka daga nesa.

Wanda ya ja ni cikin harkar wani dattijo ne Ba'amurke da muke aiki tare, wanda tun yana yaro yake bin mahaifinsa dawa. Da na nuna masa hotunan bindigogin da nake dubawa a waya, ko kallonsu bai yi ba. Ya ce: "Kada ka sayi komai tukuna. Zo ka ga dajin." Muka tafi ɗaya daga cikin dazuzzukan farauta na gwamnatin jiha, waɗanda jimillarsu ta kai eka miliyan ɗaya da rabi, kuma kowane mai lasisi yana da damar shiga. Gani ya kori ji. Tudu ne mai tsayi da duwatsu, manyan itatuwa a sama, a ƙasa kuma wani sarƙaƙƙen kurmi mai ganye kore wanda ko a hunturu ba ya kaɗewa. Duk inda na tsaya na duba, da ƙyar idona yake wuce yadi 70 kafin itace ya tare shi. Kafin mu kai saman tudun numfashina ya fara sama-sama, alhali ba na ɗauke da komai sai gorar ruwa. Dattijon ya ce a duk shekarunsa a wannan tudun, barewar da ya harba daga nesan da ya haura yadi 100 ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Da daddare na kira kawuna a gida, tsohon maharbi ne da ya yi zamani da bindigar toka yana bin gada da barewa. Na ba shi labarin bindigogin nan masu madubi da ake cewa suna kai harsashi rabin kilomita. Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, wanda ya san dawa ba ya harbi daga nesa. Ka koyi iska, ka koyi zama shiru. Nama shi zai kawo kansa." Na ce: "Haka ne, Kawu." Maganarsa da ta dattijon nan ɗaya ce, ko da yake ba su taɓa ganin juna ba.

Sai batun lambar harsashi, wato girmansa da irin kwansonsa, wanda a kansa mafarautan Amurka suke iya kwana suna musu. Barewarsu mai farar wutsiya ba wata ƙatuwar dabba ba ce. Macen takan kai kilo 50 ko sama kaɗan, babban namiji yakan haura kilo 70, fatarta ba kauri, haƙarƙarinta ba ƙarfi. Kusan duk lambobin da ake sayarwa don farautarta sun isa su kashe ta, amma kowace da halinta. Akwai .30-30 Winchester da ta fito tun 1895, mai sauƙin shuri (bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa idan an harba), wadda a irin wannan kurmin har gobe tana aiki, sai dai bayan yadi 150 harsashinta yana saurin sunkuyawa. Akwai .30-06 ta 1906, wadda sojojin Amurka suka yi yaƙin duniya biyu da ita, da .270 Winchester ta 1925 mai miƙaƙƙiyar tafiya. Su biyun dogayen kwanso ne da su, bindigoginsu ma sukan fi tsawo. Akwai 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, wadda matasa suke yayi saboda rashin shuri da iya riƙe hanya a nesa. Sai dangin .308 Winchester: ita kanta ta fito a 1952, kuma 'yar'uwar harsashin 7.62 ce da ƙungiyar tsaro ta NATO ta ɗauka jim kaɗan bayan nan. Daga kwansonta aka matse baki aka samar da .243 a 1955, da 7mm-08 a 1980.

Dattijon da abokansa suka ba ni aron nasu na gwada a filin koyon harbi. Ta .243 daɗin harbi gare ta, kafaɗa ba ta ma san an yi ba, kuma ba banza ba ake fara koya wa yara da ita. Abin da ya sa na ja baya shi ne harsashinta ƙarami ne, giren 100 ko ƙasa, wato wajen giram shida da rabi, kuma idan ya ci karo da ƙashin kafaɗa ba kullum yake fita ta ɗaya gefen ba. Ni kuwa rami biyu nake so, domin jini ya zuba a ƙasa in ga sawu. Ta .30-06 kuma ƙarfinta ya wuce buƙatata. A teburin da ke kusa da mu akwai wani mutum da ƙatuwar bindiga mai lambar magnum, irin masu ƙarin albarushi da ƙarfi, na tsaya ina kallon fuskarsa: kafin ya ja kunama sai ya runtse ido, ya turo kafaɗa gaba, bakin bindigar ya ɗan sunkuya. Tsoron shurin ya riga ya shiga jikinsa. Harsasansa suka watsu a takarda, ya tashi yana zagin madubi. Daga ranar na yanke cewa ba zan sayi abin da zan riƙa jin fargabar harbawa ba.

A gaskiya 7mm-08 ce ta fi kwanta mini a kafaɗa, kuma har yau ina ganin da wuya a sami wadda ta fi ta dacewa da wannan barewar. Kanti ne ya raba gardamar. Mutane ba su manta da ƙarancin harsashin da aka yi a 2020 da 2021 ba, lokacin da kantuna suka zama wayam. Na zagaya shagunan yankinmu ina duba kanta: .308 tana ko'ina, iri-iri, har a ƙaramin shagon ƙauye, kuma akwai mai araha na koyon harbi. Ta 7mm-08 kuwa kwali ɗaya ko biyu, da tsada. Wanda ke son ya ƙware sai ya yi ta harbi, wanda zai yi ta harbi kuma sai harsashin da aljihunsa zai ɗauka. Na tsaya a kan .308.

Neman gajeriyar bindiga marar nauyi mai cin .308 shi ya kai ni ga abin da ake kira bindigar sikawut. Tunanin wani tsohon hafsan sojan kundunbalar ruwa na Amurka ne, Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar koyon harbi ta Gunsite a jihar Arizona a 1976. A 1983 ya tara masana a can suka zauna kan tambaya ɗaya: idan mutum zai mallaki bindiga guda tak, yana tafiya shi kaɗai a ƙafa cikin dawa, yaya ya kamata ta kasance? Suka fitar da sharuɗɗa. Tsawonta kada ya wuce mita ɗaya. Nauyinta kilo uku, in ya yi yawa uku da rabi, har da madubi da maratayi. Ta ci .308, ko 7mm-08 a ƙasashen da suka hana farar hula harsashin da ya yi kama da na soja. Ta iya kayar da dabbar da ta kai kilo 200 da harbi ɗaya. Ta iya tara harsasai cikin inci huɗu a yadi 200. Sai abin da ya fi bambanta ta da saura a ido: ƙaramin madubi marar ƙarfin zuƙowa, wanda ake ɗaurawa can gaba a kan bututu, ba dab da ido ba. Kamfanin Steyr na Ostiriya ya ƙera ta tare da Cooper a ƙarshen shekarun 1990, Ruger kuma ya fitar da tasa a 2011, shekara biyar bayan rasuwar Cooper.

Wadda na saya ta wani kamfanin Amurka ce, mai sakata da ake ja da hannu, bututunta inci 16 da ɗoriya. Sayen bai ɗauki lokaci ba: na cike fom ɗin gwamnatin tarayya mai lamba 4473, mai shagon ya tura bayanaina ga 'yan sandan jiha suka bincika, amsa ta dawo, na biya. Tun a shagon na haɗa da akwatin ƙarfe mai makulli, domin akwai yara a gidana, kuma harsasai a wani wuri dabam suke kwana. Na ɗaura mata madubi mai zuƙowa sau biyu da rabi. Gidan harsashin da ta zo da shi mai cin goma ne, yana leƙowa ƙasa yana kama reshe, sai na musanya shi da gajere. Da na ɗora ta a sikeli da komai nata, ta ɗan haura ma'aunin Cooper, amma a hannu ba ta da nauyi, kuma da yake babu madubi a tsakiya, tafin hannu yana zagaye ta daidai inda nauyinta ya rabu biyu. Wanda ya taɓa hawa tudu da bindiga zai san darajar wannan.

Madubin gaban yana da abin yabo da abin zargi, kuma duka biyun gaskiya ne. Ido biyu a buɗe ake harbi da shi: kana ganin dajin gaba ɗaya, giciyen saitin kuma yana shawagi a kan abin da kake kallo. Ga dabbar da ta ɓullo kwatsam a kusa, ban ga abin da ya kai shi sauri ba. Ba ya kuma sarar gira idan bindiga ta yi shuri. Amma idan rana tana bayanka ƙasa-ƙasa, haskenta yakan faɗo a gilashin ya wanke hoton. Da asuba da kuma dab da magariba yana yin duhu kafin madubin da ke kusa da ido ya yi. Ga kuma dokar jiharmu: a mafi yawan yankuna ba a harbin namiji sai ƙahonsa na gefe ɗaya yana da rassa uku, kuma da ƙaramin madubi ba ka iya ƙirga su a cikin sarƙaƙiya. Dole na riƙa rataya tabaran hangen nesa a wuya, wanda dama shi ya kamata a riƙa duba daji da shi, ba bakin bindiga ba.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne gwajin harsashi. Kafin nan ina ɗauka duk kwalin da aka rubuta wa .308 abu ɗaya ne. Ashe kowace bindiga da irin abincinta. Idan aka harba, bututun yana karkarwa, kuma inda bakinsa yake a daidai lokacin da harsashi ya fita shi ke nuna inda zai sauka. Nauyin harsashi, tsawonsa, irin albarushin da yawansa, duk suna canza wannan. Bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya rana ɗaya suna iya son harsasai dabam-dabam.

Dattijon ya fara da ɗaure duk kusoshin madubi da na gindin bindiga da ma'aunin ɗauri, domin kusa ɗaya mai sako-sako ta isa ta sa ka zargi harsashin da ba shi da laifi. Muka zare sakata, muka leƙa ta cikin bututu a yadi 25, muka daidaita madubi da abin da muke gani, sannan muka koma yadi 100. Bindiga a kan buhunan yashi, gaba da baya, bututu bai taɓa komai ba. Kunne a toshe da abin toshewa, a ɗora na rufewa a kai, domin gajeren bututu ƙara gare shi, ga wuta da yake tofarwa. Ƙa'idarsa ita ce harbi biyar a kowace takarda, ba uku ba. Ya ce uku suna iya haɗuwa bisa sa'a, biyar ba sa yi wa mutum ƙarya. Tsakanin harbi da harbi kuma a jira bututu ya huce, a taɓa shi da bayan hannu.

Mai araha, giren 150 mai kan dalma, ya tara harsasansa cikin wajen inci biyu da rabi. Mai giren 180 ya fi haka watsuwa, ga ƙarin shuri. Wani mai giren 165 ya matse zuwa inci ɗaya da rabi. Wanda ya fi duka shi ne na zallar jan ƙarfe mai giren 150, wanda ramukansa suka kusa taɓa juna, inci ɗaya da kwata. Abin da ya fi ba ni mamaki ba faɗin tarin ba ne, wurin da kowane ya sauka ne. Ba a taɓa madubi ba, amma tsakiyar tarin wani ta yi sama da hagu, ta wani ta yi ƙasa, har tazarar ta kai inci uku. Wato wanda ya saita bindigarsa da harsashin koyo, ranar farauta ya ɗura wani iri, bai san inda yake harbi ba.

Wani a filin ya ba mu aron na'urar auna gudu. A jikin kwali an rubuta ƙafa 2,820 a sakan ɗaya, amma da bututu mai inci 24 kamfanoni suke awonsu. A tawa gudun ya tsaya wajen 2,600. Wannan shi ne kuɗin da ake biya don gajarta. A cikin yadi 200 barewa ba za ta san bambancin ba, amma ya kamata mai bindiga ya sani, musamman mai harsashin jan ƙarfe, domin shi sai da gudu yake buɗewa sosai, idan ya yi sanyi a nesa yakan wuce bai buɗe yadda ake so ba.

Na jan ƙarfen ya fi tsada, kuma ba don ƙanƙantar tarinsa kaɗai na zaɓe shi ba. Harsashin dalma yana farfashewa a cikin nama, ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani. A 2008 jihohin North Dakota da Minnesota sun janye naman barewar da mafarauta suka bayar sadaka ga mabuƙata, bayan hoton asibiti ya nuna dalma a cikin niƙaƙƙen naman. Mikiyoyin da ke cin kayan cikin da ake bari a daji su ma suna kamuwa da gubar. Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019. A Pennsylvania ba a hana ba, amma duk Bahaushen da ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar doka kafin ya nisanta ta da tukunyar gidansa. Na wanke bututun tas, na yi 'yan harbe-harbe don ya zauna, na saita harsashin ya riƙa sauka inci ɗaya da rabi sama da tsakiya a yadi 100, sannan na koma shagon na sayi kwalaye masu lambar ƙira ɗaya da wanda na gwada. Bayan nan duk zuwan da na yi filin, harbin farko daga sanyayyen bututu shi nake yi wa alama dabam, domin shi ne kaɗai barewa za ta gani.

Teburi da buhun yashi bindiga suke aunawa, ba maharbi ba. Wurin da ake nema a jikin barewa, huhu da zuciya a bayan ƙafar gaba, bai wuce faɗin ƙaramin faifai ba. Dattijon ya kafa farantan takarda masu inci tara a nesa dabam-dabam, ya ce in tashi daga teburi. A tsaye, a durƙushe, a zaune gwiwar hannu a kan gwiwa, a jingine da gungume, maratayi a naɗe a damtse. Wani lokacin sai ya sa in yi sassarfa in dawo ina haki sannan in harba. Sharaɗinsa mai tsauri ne: nisan da duk harsasanka suke shiga faranti, ba mafi yawansu ba, shi ne iyakarka. Tawa iyakar ta fito ƙarara. A tsaye ba tare da madogara ba, yadi 60. A jingine da itace ko a zaune, yadi 150. Bindigar tana iya fin haka nesa ba kusa ba, amma ba ita za ta amsa tambaya a kan dabbar da aka raunata ba. A gida kuma, bayan na tabbatar babu harsashi ko ɗaya a ɗakin, nakan yi ta jan kunama a kan wani ɗigo a bango har yatsa ya koyi matsawa a hankali ba fizga ba.

Saura tambayar da babu Ba'amurken da zai amsa mini. Bayan sallar magariba na tsaya wurin limaminmu, mutumin Nijar ne da ya yi karatun zaure mai zurfi. Na ce: "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin naman da aka harba da bindiga?" Ya ce malaman Malikiyya na baya sun halatta shi, domin harsashi yana huda jiki ya zubar da jini. Sharaɗi shi ne niyya da bisimilla a lokacin harbi. Idan ka iske dabbar da rai, ka yanka. Idan ka iske ta mutu da harbinka, ta halatta. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce: "Amma Alhaji, ka kula da abu uku da ke cikin Muktasar, littafin fiƙihun Malikiyya. Kada ka yi sakaci wajen bin ta. Wuƙarka ta kasance a jikinka, ba a jaka ko hannun wani ba. Kuma kada ta kwana ba ka same ta ba."

Wannan ya sa na sake duba komai. Al'adar mafarautan nan ita ce idan ka harba ka zauna rabin awa kafin ka bi sawu, idan kuma harsashi ya sami tumbi a jira sa'o'i masu yawa, wani lokacin har gari ya waye, don kada a tayar da dabbar ta yi nisa. Suna da hujjarsu, kuma mai kyau ce. Ni kuwa ba ni da wannan sararin. Abin da nake buƙata shi ne harbin da zai huda huhu biyu, dabbar ta faɗi ina ganinta ko ina jin faɗuwarta. Saboda haka na ɗora wa kaina ƙarin sharuɗɗa: ba na harbin wadda ke gudu, ba na harbin wadda ta ba ni gaba ko baya, sai ta ba ni gefe. Doka ta yarda a yi harbi har rabin awa bayan faɗuwar rana, amma ni rana na faɗuwa nake zare harsashi. Da wannan, raunin madubin gaba a cikin duhu ya daina damuna.

Farautar bindiga tana buɗewa ranar Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na Amurkawa, a ƙarshen Nuwamba. Ina da lasisin mace ƙari a kan na namiji. Wata safiya da hantsi ina zaune a gindin wani itace a gefen tudu, iska tana busowa daga kwari zuwa fuskata, dusar ƙanƙara 'yar kaɗan a kan busassun ganye. Ƙarar taku na fara ji, ƙaras, ƙaras, a tsaya, a ci gaba. Sai ga kunne, sai wuya, sai ta fito fili tsakanin itatuwa biyu, babbar mace ita kaɗai, wajen yadi 60. Na duba bayanta: gangaren tudu ne, ƙasa ce za ta tare harsashi. Na jira ta sunkuyar da kai tana tonon 'ya'yan itace, na ɗaga bindiga a hankali, gwiwar hannu a kan gwiwa. Giciyen ya hau ƙafar gaba, ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙirji daga ƙasa, na ɗan matsar da shi baya. Na ce bismillahi Allahu akbar, na matsa.

Ta yi tsalle ta harba ƙafafun baya, ta ruga wutsiya a ƙasa. Na ja sakata na ɗana wani ina bin ta da ido, ban ga buƙatarsa ba: ba ta yi yadi 40 ba ta kife. Na sa makarin kunama, na nufe ta kai tsaye, na zagayo ta bayanta saboda kofato. Da sauran motsi a jikinta, na juya ta alƙibla na yanka. Kafin in gusar da ita na cike takardar lasisi na ɗaura a kunnenta, yadda doka ta ce.

Da na buɗe ciki na tsaya na duba aikin harsashin da kyau. Ya shiga ta tsakanin haƙarƙari, ya ratsa huhu biyu, ya fita ta ɗaya gefen da rami mai faɗin inci ɗaya da ɗoriya. Tumbi lafiya lau, kafaɗu biyu ba abin da ya same su, naman da ya ɓaci bai cika tafin hannu ba. Dattijon ya iso yana haki, ya duƙa ya sa yatsa a ramin, ya gyaɗa kai, ya kama ƙafa ɗaya muka fara ja. Saukowa da ita daga tudun ya fi duk abin da ya gabata wahala.

Yankin da muka yi farautar yana cikin wuraren da ake sa ido kan cutar nan mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara gani a jihar a 2012. Na sa kan a akwatin da hukuma ta ajiye don gwaji kyauta, naman kuma ya jira a firiza har sakamako ya fito babu cutar. Na kai rahoton abin da na kama ta intanet cikin kwana goman da aka ƙayyade. Fiɗa da yankan naman a garejina na yi su da kaina, domin mahautan da ke yi wa mafarauta wannan aikin sukan haɗa niƙaƙƙen naman da kitsen alade, kuma injin ɗaya ne. Naman barewa ba shi da mai, sai uwargida ta haɗa na niƙawa da kitsen rago. Cinya ɗaya ta tafi gidan Malam, gadon baya muka yi tsire da shi, sauran cinyar kuma na shanya ta a tanda da ƙuli da yaji aka yi kilishi.

Kafin kaka mai zuwa akwai harsashin jan ƙarfe mai giren 130 da nake so in gwada. Ya fi sauƙi, don haka zai fita da ƙarin gudu daga gajeren bututun, shurinsa ma zai ragu. Idan tarinsa a takarda ya kai na wanda nake amfani da shi yanzu, zan sake saita madubin a kansa tun daga yadi 25.